WAƘAR FARILLAN ZUCIYA DA SHARHINTA
Labarin malamai huɗu na Yahudu da suka yi rubutu da Larabci

Da sunan Allah, Mai rahama, Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da sauran Annabawa da Manzanni baki ɗaya.

Bayan haka, ya 'yan'uwa, wannan waƙa ce mai baiti 34, tare da sharhinta a taƙaice. Ta ƙunshi labarin waɗansu malamai na Yahudu da suka zauna a ƙasashen Musulmi, suka rubuta littattafansu da Larabci, suka yi magana a kan gyaran zuciya. Shekarun da za mu ambata duka na Miladiyya ne. Allah ya amfane mu da abin da za mu ji, amin.

FASALI NA FARKO: BUƊEWA

1. Da sunan Ilahu nake fara zance,
Gwanin da ya san duk abin zuciya.

2. Salati ga Manzo, fiyayyen halitta,
Da Alu, Sahabbai, mazan gaskiya.

3. Aminci ga Musa, Kalimu na Ɗuri,
Da Haruna, Dauda, da duk Anbiya.

4. Ku taso, ku zauna, ku ji ni, Musulmi,
Batu ne na wassu mazajen jiya.

5. Yahudawa ne, malamai ne a nasu,
Da Larabci sunka baro ajiya.

6. Idan ka ji zancen da ba ka sani ba,
Ka bar yin hukunci, ka yo tambaya.

SHARHI

Kalimu, watau wanda Allah ya yi zance da shi, shi ne Annabi Musa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, Ɗuri kuwa dutsen da aka yi zancen. Mai waƙa ya ambace shi tun daga farko domin waɗanda za a yi maganarsu mutanensa ne, kuma littafin da suke riƙo da shi suna danganta shi gare shi.

Ka sani, ya kai ɗan'uwa, karatun Yahudu yana da tushe uku. Na farko Attaura, wadda a hannunsu take da kashi 5, kuma malamansu sun ƙidaya umarni da hani 613 a cikinta, 248 na aikatawa, 365 na bari. Na biyu Mishna, watau hukunce-hukuncen da ake karɓa baki da baki, har wani malaminsu mai suna Yahuda Hanasi ya tattara su wajen shekara ta 200, ya kasa su kashi 6. Na uku Talmud, shi ne dogon sharhin da malamai suka yi wa Mishna. Talmud iri biyu ne, akwai na ƙasar Falasɗinu, akwai na ƙasar Babila, watau Iraƙi, kuma na Babila ya fi girma, ya fi karɓuwa.

To, da Musulunci ya yaɗu, sai mafi yawan Yahudun duniya na wancan zamani suka kasance cikin ƙasashen Musulmi, daga Iraƙi har Andalus. Larabci ya zama harshensu na gida da kasuwa, har suka riƙa rubuta shi da baƙaƙen Ibrananci. Wannan ita ce ajiyar da mai waƙa yake nufi a baiti na 5.

FASALI NA BIYU: SA'ADIYA NA FAYYUM

7. Na farko a Fayyum a kai haihuwa tai,
Sa'idu, Yahudu su ce Sa'adiya.

8. Ya mai da Attaura cikin Larabci,
Talakka ya gane ta, babu wuya.

9. Da sarkinsu yac ce, ka sa hannu nan,
Hukuncin da yas san akwai murɗiya,

10. Ya ƙi, anka tuɓe shi, yaz zamna ɗaki,
Kujera ta tai, bai saki gaskiya.

SHARHI

Sa'idu bin Yusuf Alfayyumi an haife shi a yankin Fayyum na ƙasar Masar a shekara ta 882, ya rasu a Iraƙi a 942. Tun yana ɗan shekara 20 ya tsara ƙamus na Ibrananci. A 928 aka naɗa shi shugaban makarantar Sura, ɗaya daga manyan makarantu biyu na Yahudun Iraƙi, kuma mai wannan muƙami ana kiransa Ga'on. Malaman Musulmi sun san shi, domin Ibn Nadim ya ambace shi cikin littafinsa Alfihrist, Mas'udi ma ya ambace shi.

Ya lura jama'arsa da yawa ba su jin Ibrananci sosai, ana karanta musu Attaura suna sauraro ba su fahimta, sai ya fassara ta da Larabci mai sauƙi. Wannan fassara ta daɗe a hannun Yahudun ƙasashen Larabawa, musamman na Yaman, waɗanda suka riƙa rubuta ta tare da matanin Attaura. Sa'an nan a 933 ya rubuta Kitabul Amanati wal I'itiƙadat, mai maƙala 10, inda ya bi hanyar malaman ilmul kalami wajen kafa hujja a kan cewa duniya fararriya ce, tana da Mahalicci, kuma Mahaliccin Ɗaya ne.

Sarkin da aka ambata a baiti na 9 shi ne Dawuda bin Zakkai, shugaban Yahudun Iraƙi, mai laƙabin Ra'asul Jalut, kuma shi ne ya kawo Sa'adiya kan kujerar Sura. Sai wata shari'ar gado ta taso, wadda shugaban yake da rabo a cikinta. Ya yanke hukunci, ya aika wa Sa'adiya ya sa hannu domin hukuncin ya zartu. Sa'adiya ya duba, ya ga ba a yi daidai ba, ya ƙi. Aka yi ta matsa masa, bai sauya ba. Rigima ta yi tsanani, aka tuɓe shi, ya koma gida, kuma cikin wannan zama ne ya rubuta littafin nan nasa na aƙida. Sai a 937 aka sasanta su, ya koma muƙaminsa. Bayan Dawuda ya rasu, ɗansa ma ya bi shi ba da jimawa ba, ya bar yaro ƙarami. Sa'adiya ya ɗauki jikan abokin rigimarsa ya kai shi gidansa, ya rene shi, ya karantar da shi.

Dubi wannan, ya kai malami, ya kai alƙali. Wanda ya ba shi kujera shi ya nemi ya karkata, amma bai mai da alherin da aka yi masa ya zama kuɗin sayen hukuncinsa ba. Kuma da rigima ta ƙare bai riƙe maraya da laifin kakansa ba.

FASALI NA UKU: BAHYA NA ANDALUS

11. Biye da shi alƙali ne Andalus,
A can Saraƙusɗa, ana ce shi Bahya.

12. Ya duba mutane suna ta ibada,
Jiki na ta aiki, a bar zuciya.

13. Farilla kashi biyu ce, in ji shi,
Ta gaɓɓai ɗaya, ta cikin rai ɗaya.

14. Ya gina gida nai da ƙofofi goma,
Ta farkonsu Tauhidi, babu riya.

15. Da lura, biyayya, da dogara, tsarki,
Tawali'u, tuba ga mai shiriya,

16. Da auna ayukka dare da rana,
Da sassauta ƙauna ga son duniya.

17. Ta ƙarshe, ta goma, ita ce son Allah,
A nan matafiyi ka sauke kaya.

SHARHI

Wannan fasali shi ne cibiyar waƙar, daga gare shi ta samo sunanta. Bahya bin Yusuf bin Baƙuda alƙalin Yahudu ne a birnin Saraƙusɗa, wanda yake arewacin ƙasar Sifen, a zamanin da birnin yake hannun Musulmi. Wajen shekara ta 1080 ya rubuta littafi da Larabci mai suna Alhidaya ila Fara'idil Ƙulub, watau shiriya zuwa ga farillan zukata.

Abin da ya sa shi rubutun ya bayyana shi a gabatarwar littafin. Ya binciki abin da malamansu suka wallafa, ya tarar sun yi bayanin nahawu, sun yi bayanin halal da haram, sun tsefe mas'aloli masu wuyar faruwa, amma bai sami littafi guda da aka keɓe domin abin da ya wajaba a kan zuciya ba. Sai ya kasa farillai kashi biyu. Akwai na gaɓɓai, kamar salla da azumi da sadaka, waɗannan suna da adadi, suna da lokaci, wasu ma sukan faɗi a kan wanda ba shi da hali. Akwai kuma na zuciya, kamar kaɗaita Allah da dogara gare shi da miƙa wuya ga hukuncinsa, waɗannan ba su da adadi, ba su da ranar hutu, suna kan mawadaci da matalauci, mai lafiya da majinyaci, har ranar mutuwa. Ya kuma nuna cewa aikin gaɓɓai ba ya cika sai zuciya ta yarda da shi, ta nufi Allah da shi.

Ƙofofin nan 10 su ne babobin littafin, ga su a jere: tsarkake tauhidi, lura da halitta, biyayya ga Allah, tawakkali, ikhlasin aiki, tawali'u, tuba, yi wa kai hisabi, zuhudu, sa'an nan son Allah. Duk wanda ya zauna gaban malamin tasawwufi ya san waɗannan sunaye, domin su ne maƙamoman da mutanen hanya suke ambata. Masu bincike sun tabbatar Bahya ya karanta littattafan Sufaye ya amfana da su, kuma sun ga kusanci mai yawa tsakanin maganarsa da ta Harisu Almuhasibi, malamin Bagadaza wanda ya rasu a 857, mai littafin Arri'aya. Amma kowace ƙofa sai ya kafa mata hujja uku, daga hankali, daga littattafan Annabawansu, da kuma maganar malamansu na da, domin shi Bayahude ne mai rubuta wa Yahudu.

Ga misali biyu daga koyarwarsa. A ƙofar tauhidi ya buga misali da tawada. Da wani zai kawo maka takarda mai rubutu tsaf, layi bisa layi, ya ce ai tawada ce ta zube da kanta ta yi haka, nan take za ka ƙaryata shi. To yaya za a dubi sama da ƙasa da jikin ɗan Adam a ce babu wanda ya nufa ya tsara su? A ƙofar ikhlasi kuma ya kawo labarin wani bawan Allah da ya gamu da mayaƙa suna dawowa da ganima, ya faɗa musu ƙaramin yaƙi suka gama, babban yana gabansu, shi ne yaƙi da son rai. Almajiri ya san wannan ma'ana ta shahara ƙwarai cikin littattafan tasawwufi.

Game da zuhudu, bai ce mutum ya gudu daji ya bar iyali ba. Abin da ya zaɓa shi ne mutum ya zauna cikin jama'a, ya yi sana'arsa, ya sauke haƙƙin da ke kansa, duniya tana hannunsa ba ta shiga zuciyarsa ba. Shi ya sa mai waƙa ya ce sassauta ƙauna. Sauke kaya kuwa a baiti na 17 nufinsa masauki, domin ƙofofi tara na farko duka guzuri ne da hanya, son Allah shi ne inda aka nufa.

A 1161 wani malami mai suna Yahuda bin Tibbon, wanda ya baro Andalus ya zauna a garin Lunel na kudancin Faransa, ya fara mai da littafin cikin Ibrananci. Daga nan ya bazu cikin Yahudun Turai, waɗanda ba su jin Larabci, ya zama ɗaya daga littattafan tarbiyya da suka fi karantawa. Asalinsa na Larabci an buga shi a birnin Laidin na ƙasar Holan a 1912.

FASALI NA HUƊU: MUSA BIN MAIMUN

18. Na ukku a Ƙurɗuba anka haife shi,
Shi Musa bn Maimunu, mai juriya.

19. Yana yaro anka fitas su gida,
Ta Fas har Masar sunka sha tafiya.

20. Likita yake, ko'ina an sani,
Da rana yana gun maras lafiya.

21. Dare ya yi, sai shi ɗau alƙalam nai,
Bisa ilmu ba ya biɗar dukiya.

22. Mafificin kyauta ga mai buƙata,
Ka ba shi sana'a, shi bar tambaya.

SHARHI

Musa bin Maimun shi ne mafi shahara cikin malaman Yahudu na wancan zamani. An haife shi a Ƙurɗuba wajen 1138. A 1148 daular Muwahhiduna ta ci birnin, ta janye amanar da Yahudu da Nasara suke zaune a ƙarƙashinta, ta tilasta musu ko su musulunta ko su fita. Wannan zalunci ne, ya saɓa wa abin da Suratul Baƙara ta karantar na hana tilastawa cikin addini, kuma faɗin haka wajibi ne ko da Musulmi ne suka aikata. Iyalinsa suka bar gida, suka zauna a Fas wajen 1160, a 1165 suka hau jirgin ruwa zuwa Akka, suka ziyarci Baitul Muƙaddas da Alkhalil, daga bisani suka sauka a Fusɗaɗ, watau tsohuwar Alƙahira.

Ƙanensa Dawuda fatake ne mai cinikin duwatsu masu daraja, shi yake ɗauke da gidan. Sai jirginsa ya nutse a tekun Indiya, ya tafi da shi da dukiyar. Musa ya kwanta ciwo kusan shekara guda saboda baƙin ciki. Da ya tashi bai yarda ya karɓi albashi a kan karantar da addini ba, domin yana ganin hakan bai dace ba, sai ya riƙi likitanci. Ya zama likitan Alƙali Alfadil, wazirin Salahuddin Al'ayyubi, daga baya kuma likitan Almalikul Afdal ɗan Salahuddin. Cikin wata wasiƙa da ya rubuta a 1199 ya bayyana yininsa: da sassafe ya hau zuwa fada a Alƙahira, ba ya dawowa sai bayan rana ta karkata, ya tarar zaure cike da marasa lafiya, Yahudu da waɗanda ba Yahudu ba, ya ci abinci sau ɗaya a yini, ya yi ta duba su har dare, wani lokaci yana kishingiɗe saboda gajiya.

Manyan littattafansa uku ne. Akwai sharhin Mishna, wanda ya kammala a 1168, a ciki ya jera ginshiƙai 13 na aƙidar Yahudu. Akwai Mishne Tora, mai juzu'i 14, da Ibrananci, inda ya tsara dukan hukunce-hukuncensu babi babi. Akwai Dalalatul Ha'irina, da Larabci, wajen 1190, domin wanda ya karanta falsafa ya shiga ruɗani. Wani malamin Musulmi mai suna Attabrizi ya yi wa muƙaddimomi 25 na wannan littafi sharhi. A ƙarshen littafin ya koma ga abin da Bahya ya fara, ya gargaɗi mai ibada kada ya tsaya yana motsa leɓe alhali tunaninsa yana wajen saye da sayarwa, sa'an nan ya zaci ya yi wani abu.

Baiti na 22 yana nuni ga matakai 8 da ya kasa sadaka. Na ƙasa duka shi ne a bayar ana ɓacin rai. Na kusa da sama shi ne mai bayarwa bai san mai karɓa ba, mai karɓa bai san mai bayarwa ba. Na sama duka shi ne ka tallafi mutum da jari, ko rance, ko haɗin gwiwa, ko ka samo masa aiki, har ya daina buƙatar roƙo. Tambaya a wannan baiti ma'anarta bara.

An taɓa yi masa fatawa a kan Musulmi, ya amsa cewa ba masu bautar gumaka ba ne, masu kaɗaita Allah ne kaɗaitawa ta gaskiya. Duk da haka bai yi imani da annabcin Annabinmu ba, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, kuma ya bayyana haka cikin wasiƙarsa zuwa ga Yahudun Yaman. Ya rasu a Fusɗaɗ a 1204, kabarinsa yana Ɗabariyya.

FASALI NA BIYAR: IBRAHIMU DA ƊANSA

23. Na huɗɗu ɗa nasa ne, Ibrahimu,
Ya zauna Masar, ya ga 'yan Sufiya.

24. Ya gan su da halwa, tsayuwar dare,
Da hawaye, babu yawan dariya.

25. Ya ce wagga hanyar Annabawanmu ce,
Ta suɓuce mana, mun bar ta baya.

26. Ya ce su yi wanki, su jera sahu,
Su kai goshi ƙas, su bar hayaniya.

27. Mutane nasa sunka kai shi ga sarki,
Da sunan bidi'a, don hamayya.

28. Da jikan ya zo, sai ya ce zuciyarka
Kududdufi ce, ko kuwa rijiya.

29. Ka yashe ta tukun, ka kwashe laka,
Ruwa mai daɗi shi zo tsakiya.

SHARHI

An haifi Ibrahimu bin Musa a 1186, ya rasu a 1237. Bayan rasuwar mahaifinsa ya zama shugaban Yahudun Masar, ya kuma gaji likitanci, har ya yi wa Sarki Almalikul Kamil hidima. Ibn Abi Usaibi'a, mai littafin tarihin likitoci, ya sadu da shi a asibitin Alƙahira, ya yabi iya aikinsa da daɗin zama da shi.

A zamaninsa Masar ta cika da zawiyoyi da mutanen hanya. Ibrahimu ya lura da su da kyau, sa'an nan ya rubuta babban littafi mai suna Kifayatul Abidina, wanda wani ɓangarensa ya wanzu. A ciki ya faɗa wa jama'arsa cewa halwa, da raya dare, da ƙaranta abinci, da lizimtar shaihi, duka ɗabi'un Annabawan Bani Isra'ila ne da almajiransu, Yahudu sun sake su saboda wahalar zaman baƙunci, ga shi Sufayen Musulmi sun riƙe su. Har ya kamanta yadda shaihi yake tufatar da muridi da yadda Annabi Ilyasu ya yafa wa Alyasa'u mayafinsa, kamar yadda yake a littattafansu. Ya nemi a gyara ibada a majami'a: a wanke hannu da ƙafa kafin a fara, a tsaya sahu sahu, kowa ya fuskanci alƙiblarsu ta Baitul Muƙaddas, a durƙusa, a yi sujada, a daina surutu.

Wannan bai yi wa waɗansu manyan jama'arsa daɗi ba. Suka ce kwaikwayon Musulmi yake yi, suka kai ƙararsa gaban hukumar Ayyubawa cewa yana shigo da baƙon abu cikin addini. Shi kuwa ya kare kansa da hujjoji daga Attaura da Talmud, ya ci gaba da aikinsa tare da almajiransa, ko da yake gyaran nasa bai game dukan Yahudu ba.

Jikan da aka ambata a baiti na 28 shi ne Ubaidullahi, Yahudu suna ce masa Obadiya, ɗan Ibrahimu, jikan Musa, wanda ya rayu daga 1228 zuwa 1265. Ya rubuta Almaƙalatul Haudiyya, inda ya kamanta zuciya da tafkin da sai an kwashe dauɗarsa, an toshe hanyar da ƙazanta take shigowa, kafin ruwa mai tsarki ya zauna a ciki. Kafinsa Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya buga misali da tafki cikin Ihya'u wajen bayanin abubuwan mamaki na zuciya.

Da yawa daga wannan labari an same shi ta wata hanya mai ban mamaki. Yahudu ba su yar da takarda mai sunan Allah, kamar yadda mu ma ba mu yarda a taka ta ba. A majami'ar Bin Ezra ta Fusɗaɗ akwai wani ɗaki da ake kira Geniza, inda suka yi ɗaruruwan shekaru suna zuba tsofaffin takardu. A 1896 zuwa 1897 wani malami mai suna Solomon Shekta ya kwashi guntaye kusan 193,000 zuwa jami'ar Kambirij ta Ingila. A ciki an sami rubutun hannun Musa bin Maimun da na ɗansa, an kuma sami maganganun Gazali da Ƙushairi da Hallaju an kwafe su da baƙaƙen Ibrananci.

FASALI NA SHIDA: RUFEWA

30. Idan maƙwabci ya ga tsadar abinka,
Ka bar shi a turɓaya? Wannan kunya!

31. Tsakaninmu bambanci na nan sarai,
Ga Manzonmu mu dai muke biyayya.

32. Da adalci anka umarce mu kullum,
Ga kowa, a so ko cikin ƙiyayya.

33. Ilahi, ka wanke zukatanmu duk,
Ka raba mu da girman kai da riya.

34. Tamat, na cika ta da ikon Wahabu,
Salati ga Manzo, da yin godiya.

SHARHI

To, ya 'yan'uwa, ga fa'idoji uku da mai waƙa ya rufe da su.

Ta farko tana kanmu. Waɗannan mutane sun dubi abin da magabatanmu suke a kai na tawakkali da ikhlasi da hisabin kai, suka ga darajarsa, har ɗayansu ya jure a kai ƙararsa gaban sarki saboda shi. Mu kuwa da muka gaji littattafan, yaya halinmu? Mutum ya kyautata alwala, ya zo sahun farko, ya ja carbi har ƙarshe, amma zuciyarsa tana kasuwa tana ƙidayar riba, ko tana ƙullin wani ɗan'uwa da suka saɓa tun bara. Ya san abin da ke ɓata alwala ɗaya bayan ɗaya, bai taɓa tambayar abin da ke ɓata niyya ba. Hassada da riya da jiji da kai laka ce, kuma wanda ya zuba zikiri a kanta bai yashe ba, kada ya yi mamaki in ya ɗebo ruwa ya ji shi da wari. Kowannenmu ya keɓe ɗan lokaci kafin barci ya tambayi kansa: aikin da na yi yau, domin wa na yi shi?

Ta biyu ita ce tsayawa a kan iyaka. Ba mu ce addininmu da nasu ɗaya ba ne. Mu mun yi imani da Annabi Muhammadu, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, cikamakin Annabawa, da Alƙur'anin da ya zo da shi, su ba su yi ba. Hukuncinmu da tarbiyyarmu daga Alƙur'ani da Sunna da malamanmu muke ɗaukarsu, kuma sun wadatar. Hisabin kowa yana ga Allah.

Ta uku ita ce adalci. Suratul Ma'ida ta hane mu ƙin waɗansu mutane ya kai mu ga barin adalci, Suratul Ankabuti kuma ta umarce mu da kyakkyawar hanya wajen jayayya da ma'abuta littafi. Saboda haka ba ya halatta a ɗauki al'umma sukutum a yi mata hukunci ɗaya, ko a jingina mata abin da ba ta faɗa ba, ko a ɗora wa wani laifin wani. Wanda ya yi zalunci a faɗi zaluncinsa da sunansa, ko wane ne shi, wanda ya faɗi gaskiya kuma a shaida ya faɗe ta. Haka Ibn Nadim da Mas'udi da Ibn Abi Usaibi'a suka yi, suka rubuta sunayen waɗannan malamai da ayyukansu, kuma hakan bai rage musu kome daga addininsu ba.

Allah ya tsarkake zukatanmu, ya sa ayyukanmu su zama dominsa shi kaɗai, ya gafarta wa iyayenmu da malamanmu, ya sa mu cika da imani. Wanda ya karanta wannan, ya sa mai waƙa da mai sharhi cikin addu'a.

Tammat bi hamdillahi. Allah ne mafi sani.